Takalmi Huɗu a Kwali Ɗaya

Kamfanin yana can ƙarshen wani titi da motocin haya ba sa son shiga. Dogon ɗaki ne mai rufin kwano, kekunan ɗinki a jere, fankoki a sama suna kwashe zafi daga wannan kusurwa suna kai wa waccan. A layin tsakiya, kusa da tagar da ba ta buɗuwa, wani mutum yake zama wanda surukansa suka laƙaba wa Ɗan Kamfani. Ba don yabo suka sa masa sunan ba, amma shi ya karɓa da hannu biyu, har yana amsawa da fara'a.

Abu ɗaya tak suke ɗinkawa a wurin, wato wasu 'yan takalma na fata mai laushi, ƙasansu roba, da maɗauri mai mannewa a wuya. Dunƙulallu ne kamar an yanke ƙwallo biyu. Ba hagu, ba dama. A gefen kowanne ana buga tambari, ɗigo huɗu a sama da babba ɗaya a ƙasa, ma'aikata suna ce masa fure. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, huɗu ake sawa a kwali, ba biyu ba. A rufe kwali, a loda a kwantena, kwantena ta tafi bakin teku, shi ke nan. Ba wanda ya taɓa ganin takalmin a kasuwar garin, balle a ƙafar wani.

Mutum in bai san abu ba, abin da ya kamace shi ya ce bai sani ba. Ma'aikatan nan ba su yi haka ba. Sai suka zauna suka yi wa jahilcinsu rufi da ƙofa suka tare a ciki.

Manyan masanan biyu ne. Akwai Mai Gam, wanda ke manna roba da fata, ba ya rabuwa da rediyo, kuma warin gam ya daɗe da zauna masa a kai. Akwai Mai Yanka, siririn mutum mai fushi, wanda ko burodi zai yanka sai ka ce da burodin suka yi faɗa. Kullum lokacin hutu sukan zauna a kan buhunan ragowar fata su raba duniya.

"Duniya yanzu kasuwa ɗaya ce," in ji Mai Gam. "Kowace ƙasa ta riƙe abin da ta fi iyawa. Mu an ba mu fata da hannu. Su na ƙasar waje an ba su tagwaye. Mu ɗinka, su saka, kowa ya amfana. A hankali arzikin zai gangaro mana, kamar yadda ruwa ke gangarowa daga rufi."

"Wane rufin?" in ji Mai Yanka. "Wannan da ke yoyo a kan keken mutane? Malam, su ne tsakiyar faranti, mu ne gefen da ake goge hannu. Fatarmu ta tafi, roba ta dawo. Kowa ya dubi ƙafarsa!"

Kowa ya duba. Silifa ne reras, wasu an ɗaure da waya.

A kan komai suna jayayya, ban da abu ɗaya: mutanen can tagwaye suke haifa. In ba haka ba, me zai kawo huɗu a kwali? Mai Gam ya ce cin daɗi ne, mace ta sha madara da ƙwai safe da yamma, ina za ta tsaya a ɗaya. Mai Yanka ya ce haɗama ce, ko haihuwa ba su yarda su yi daidai da kowa ba. Da aka tambayi dalilin dunƙulewar takalmin, aka ce yaran can ba sa taka ƙasa, daga kujera sai mota, dole ƙafa ta cure. Rashin hagu da dama kuwa, ai iyayen ba su da lokacin tsayawa laluben wanne ne wanne. Akwai wata babbar lamba da hannun ƙato zai shige har wuya. Wannan aka ce ta yaran manyan attajirai ce.

Ɗan Kamfani ya fi kowa yarda da zancen, don shi ma tagwaye gare shi. Ranar da aka haife su, Mai Gam ya kama hannunsa ya ɗaga sama ya ce, "Kun gani? Ci gaba ya fara gangarowa!" Maza ne biyu, ana ce wa ɗaya Kumatu, ɗayan Tsinke, kuma sunayen sun isa bayani. A lokacin da wannan abu ya faru sun fara tafiya, suna dafa bango, suna jan duk abin da aka ajiye a tebur.

Kakansu na wajen uwa baduku ne. Yana da ɗan shago a gaban gidansa, inda a da mutane ke bin layi. Yanzu sai mai neman a ɗinke masa hancin silifa. Tsohon yana da ƙa'ida: ba ya ɗinka takalmi sai ya ɗora ƙafar mai shi a kan kwali ya zagaye ta da fensir. A bangon shagon akwai ƙusa da ya soke kwalayen ƙafafun 'ya'yansa da jikokinsa, domin duk wanda aka haifa a zuriyar, shi ke ɗinka masa takalmin farko. Kuma bai taɓa ɓoye ra'ayinsa a kan aikin surukinsa ba.

"Ka taɓa ganin ƙafar?" haka yake tambayarsa duk zuwa.

"Baba, ai yanzu ba a yi haka. Awo ake turowa."

"Na ji. Ka taɓa ganin ƙafar?"

Wata ranar hutu iyali suka taru a gidan tsohon. Ƙanen matar Ɗan Kamfani, wanda ake kira Ɗan Kasuwa, ya zo da babur sabo. Shi ke sayar da silifa da takalman roba na waje, wato shi ya kashe sana'ar ubansa kuma shi ke biya wa uban kuɗin wuta, saboda haka ba mai iya ce masa komai. Ya zaro wasu takalma masu kuka da walƙiya ya ce na tagwaye ne. Tsohon ya ce a mayar da su jaka, shi zai ɗinka wa jikokinsa kamar yadda ya saba, in ya samu fata ta kirki. Suka hau musu, ɗa da uba, a kan ƙafafun 'ya'yan wani, uban yaran kuwa yana tsugune a bakin tabarma ba wanda ya ko kalle shi.

Abin ya ci masa rai. Ya yi gyaran murya.

"Baba, a gafarce ni. Takalmin farkon yaran nan daga hannuna zai fito. Irin wanda tagwayen ƙasar waje ke sawa. Mako mai zuwa a nan za su saka shi, a gaban kowa."

Ɗan Kasuwa ya yi dariya. "Yaya, kai da ko zare ba a barinka ka fita da shi?"

"Za ka gani."

Tsohon ya dube shi ya ce, "To. Mu ma ma ga ƙafar."

A hanyar gida matarsa ta saɓa Tsinke, shi ya ɗauki Kumatu. Ta ce, "Baban biyu, me ya kai bakinka?"

"Shekara nawa ina tsugune a gidan nan kamar wanda ya zo aron gishiri? Ni ma uba ne."

"Uba ne mana. Amma in ka zo hannu wofi, Ɗan Kasuwa zai yi ta ba da labarinka har jikokinmu."

Ta faɗi gaskiya, shi ma ya sani.

Dokar kamfani ita ce ko wanda ya lalace ba a fita da shi. Mai Yanka ke tsaga shi da wuƙa a zuba a buhu. Ɗan Kamfani ba ɓarawo ba ne, wannan kam a shaide shi. Da safe ya wanke hannu, ya gyara wuyan riga, ya ƙwanƙwasa ofishin Manaja, ya roƙi a sayar masa da kwali ɗaya daga cikin waɗanda aka ƙi.

"Me za ka yi da su?"

"Yarana, ranka ya daɗe. Tagwaye ne."

Manaja yana shan ruwa, sai ya ƙware. Shi kaɗai a duk ginin ya san gaskiya, kuma ya daɗe yana zaune a kanta, don yana tsoron ranar da ma'aikata za su ji. Ya yi tari har da hawaye, sannan ya ce, "Ba za su dace da su ba."

"Na auna da ido, ranka ya daɗe."

"Ba maganar awo ba ce. Takalman nan ba na irin... ba na irin 'ya'yanka ba ne."

Ɗan Kamfani ya fito fuska a murtuke ya maimaita maganar a gaban layi. Mai Yanka ya ajiye almakashi, idonsa ya kawo haske, don shekara da shekaru yake jiran irin wannan rana.

"Kun ji ko? Ba na irin 'ya'yanmu ba ne! Me tagwayensu suka fi namu? Ƙafa nawa gare su?"

"Biyu-biyu!" ma'aikata suka amsa.

"Namu fa?"

"Biyu-biyu!"

Kekuna suka tsaya. Har Mai Gam ya kashe rediyo ya ce ko a tsarin kasuwa mai 'yanci, mai saye yana da haƙƙi. Suka yi cincirindo a ƙofar ofis. Manaja ya leƙo, ya ga kwantena tana jira a waje, direba yana danna oda. Abu biyu ne a gabansa: ya faɗi gaskiya, ko ya ba da kwali. Matsoraci ne, sai ya ba da kwali. Ya ma ce kyauta ne. Ya ƙara da cewa, "Don Allah a gida kawai za su riƙa sawa." Aka ɗauki Ɗan Kamfani a kafaɗa aka zagaya da shi tsakanin kekuna, kansa ya bugi fanka.

Ranar alkawari gidan tsohon ya cika fiye da kullum, don labari ya zaga. Ƙannen matar sun zo, da wata gwaggo da ba ta ji sosai, da maƙwabciya wadda ta ce ta shigo aron tsintsiya ta kuma nemi kujera. Ɗan Kamfani ya sa rigarsa ta fita. Ya ajiye kwalin a tsakiyar tabarma ya buɗe a hankali.

Gaskiya takalman sun yi kyau. Jar fata, ɗinki kamar an ja da layi. Mata suka yi ta kai hannu. Surukarsa ta ce, "Kai, tubarkalla. Ashe dai aikin gaske kake yi." Bai taɓa jin haka daga bakinta ba. Ya sunkuyar da kai don kada a ga yadda bakinsa ya ƙi rufuwa.

Aka kamo Kumatu. Yatsu suka shiga, tsakiyar ƙafa ta shiga, dunduniya ta tsaya a waje.

"Sabo ne, zai saki," in ji uban.

Ya tura, ya murɗa, ya ɗaure. Kumatu ya miƙe a kan yatsu kamar mai leƙen katanga, ya yi taku ɗaya, ya kife a cinyar gwaggo. Aka gwada Tsinke. Shi tasa ƙafar ta shige, amma takalmin ya juya, furen ya koma baya. Yaron ya zauna, ya cire ɗaya, ya sa a baki.

"Ƙafarsu ce ba ta saba ba," in ji Ɗan Kamfani, gumi yana bin wuyansa. "Yaran can ƙafarsu a cure take."

Tsohon ya miƙa hannu aka ba shi ɗaya. Ya zura yatsu biyu ciki, ya lalubi gaba, ya lalubi baya. Ya ce, "Mai wannan ƙafar ba shi da dunduniya."

Ɗan Kasuwa ya riga ya zaro waya. Ya ɗauki hoton furen da rubutun da ke ƙarƙashinsa, ya ɗan latsa. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Ya toshe baki, ya miƙa wa yayarsa wayar.

A hoton, wani ƙaton kare ne mai gashi kamar auduga, tsaye a kan ƙanƙara. Yana sanye da rigar ruwa mai hula. A ƙafafunsa huɗu, jajayen takalma, fure a gefe.

Wayar ta zaga hannu-hannu. Surukar ta kai ta kusa da ido, ta nisanta, ta sake kusantowa.

"Wannan ai kare ne."

"Kare ne, Inna."

"Da takalmi? Ina za shi?"

"Yawo, Inna. Akwai mai fita da shi shan iska, aikinsa ke nan, ana biyansa."

"Me aka ce?" in ji gwaggo.

"An ce takalmin kare ne!"

"Wa ya ƙare?"

Maƙwabciya ta faɗo daga kujera. Ɗan Kasuwa yana kwance a ƙasa yana dukan tabarma, yana cewa, "Furen! Yaya, sawun kare ne furen! Kuɗin kuwa ba zan faɗa ba, akwai yara a wurin." Ya share hawaye ya ƙara da cewa, "Ga wani nan ma da tabarau."

Ɗan Kamfani bai yi dariya ba. Ya tuna shekarun da ya yi yana lanƙwashe a kan keke, yana gyara bakin ɗinki don kada ya ci ƙafar jaririn wani. Ya tuna sau nawa ya yi wa tagwayen can addu'ar Allah ya raya. Ya fara tattara takalman yana mayarwa kwali, ya samu uku. Na huɗun yana hannun tsohon, shi kuma bai da niyyar saki.

Tsohon ma bai yi dariya ba. Yana ta murza fatar tsakanin yatsu. Ya kai hanci ya shaƙa.

"Jimar garin nan ce," ya ce. "Na san warin. Rabona da taɓa irinta tun uwar yaran nan tana goye. In na je saye sai a ce an kwashe, za a kai waje. Ashe can take zuwa." Ya juya takalmin ya bi ɗinkin da farce. "Wa ya yi wannan layin?"

"Ni ne, Baba."

"Kai da hannunka?"

"Da keke."

"Keke ba ya tafiya shi kaɗai." Ya ɗaga murya. "Kai, Ɗan Kasuwa, tashi daga ƙasa, girma ya kama ka. Kawo min kwalin can."

Ya farke kwalin takalman ya shimfiɗa. Ya zaro fensir daga bayan kunne, ya miƙa wa surukinsa.

"Ka ce daga hannunka zai fito. Mutum ba ya janye magana don an yi masa dariya. Ni idona ya yi rauni, zare ma sai an zura min. Ga ƙafa nan, kama."

Zana ƙafar yaro mai koyon tafiya ba ƙaramin aiki ba ne. Uwar ta riƙe Kumatu, kakar ta riƙe ƙafar, fensir yana taɓa tafin yaron yana ƙyalƙyala dariya yana shuri. Zanen farko ya fito da yatsu bakwai. Tsohon ya ce a sake. A na uku aka samu abin da ya yi kama da ƙafar ɗan Adam. Aka kamo Tsinke, shi ma aka zana tasa. Ɗan Kamfani ya tsaya yana kallon kwalin. Doguwa ce, mai faɗi a gaba, ga dunduniya, kuma ta hagu daban da ta dama.

Washegari a wurin aiki bai ɓoye ba. Ya faɗa musu lokacin hutu, ya nuna hoton da Ɗan Kasuwa ya tura wa duk wanda ya sani. Aka yi ta leƙen hoton. Wanda ya fara farfaɗowa Mai Gam ne.

"To ai wannan ya ƙara tabbatar da maganata. Arziki ya cika can har ya gangaro kan karnuka. Daga kare sai wa? Mu ne a layi."

"Ni dama na faɗa," in ji Mai Yanka.

Bai taɓa faɗa ba. Babu wanda ya faɗa a cikinsu, kuma babu wanda ya ce ya yi kuskure. Wani ya kawo shawarar a ajiye aiki, don mutunci. Aka tambaye shi ko mutuncin zai biya haya. Manaja ya kulle kansa a ofis bai fito ba sai da ya ji kekuna sun ci gaba da ƙara. Mutanen da suka tsayar da kamfani don kwali ɗaya, ba su tsayar da shi don wannan ba, domin tagwayen can ƙarya ne amma yunwar gida gaskiya ce. Sauyi ɗaya aka samu: an daina cewa fure.

Duk yamma in an tashi, Ɗan Kamfani yakan biya shagon tsohon. Suka warware takalman huɗu, suka baje fatar a kan zanen. Nan wata matsala ta fito. Fatar da ta rufe ƙafa huɗu na kare ba ta isa ƙafa huɗu na mutum ba, saboda dunduniya. Uku ta bayar da ƙyar. Tsohon ya tona ƙarƙashin benci ya zaro wata tsohuwar jaka baƙa, aka yanki na huɗu a jikinta. Shi yana nuna inda za a huda, surukin yana ɗinki da basilla, suna faɗa a kan kowane layi. Ko sau ɗaya tsohon bai ce aikin ya yi kyau ba. Amma ranar da aka gama, ya ɗauki kwalin zanen ya soke a ƙusar bango, a kan na sauran zuriya, ya kuma ce wa matarsa ta kawo wa uban yara kujera.

Tagwayen suka tako gida da ƙafarsu, uwa riƙe da ɗaya, uba riƙe da ɗaya. Kumatu ja da ja. Tsinke ja da baƙi, kuma baƙin ya fi so, yana ta tsayawa yana nuna wa mutane. A kwanar layinsu akwai wani ramammen kare da ke kwana a ƙarƙashin wata matacciyar mota. Da suka zo wucewa ya ɗago kai, ya bi ƙafafun yaran da kallo.

Ɗan Kamfani ya rage tafiya, shi ma yana duban ƙafafun karen.

"Baban biyu, wuce mu tafi," in ji matar, ta ja hannun Tsinke. "Kada ka haɗa ido da shi, ya ce a ba shi kayansa."